Takardar da Aka Samu a Ƙarƙashin Matashi

Ni malamar aji huɗu ce a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Rigasa, kuma ba abin da na tsana kamar in ga yaro ya zuba wa allo ido, kansa kuwa yana kasuwa. Shi ya sa da na koyo ninkin takarda a wani taron bita da aka kai mu a Doka, na rungume shi hannu bibbiyu. Abin ba wuya. A ninke falle ɗaya, a yanka bakinsa ya zama 'yan ƙofofi, a rubuta tambaya a waje, amsa a ciki. Yaro ya tambayi kansa, ya ɗaga ƙofa ya ga ko ya ci. Mun yi na sassan tsiro, mun yi na jihohi da manyan biranensu, mun yi na kalmomin Turanci. Hedimasta har tsokanata yake yi, wai na mai da aji shagon tela.

Na lissafi ne ya fi kyau, shi ne kuma ya jawo. Muka zana murabba'i, muka raba shi gida-gida, kowane gida da lambarsa, jadawalin sau ke nan. Muka yi ta ninkewa har ya koma ɗan ƙulli mai kusurwa uku da zai ɓace a tafin hannu. Don kada ya warware na raba musu zaren ɗinki suka ɗaure. Sai bakin nan nawa, da bai taɓa bari na zauna lafiya ba, ya ƙara da cewa, "Kowa ya ɓoye nasa, kada ƙanne su yaga. Sirrinmu ne. Wanda ya kwana da shi, lissafi zai zauna masa a ka." Suka yi dariya, ni ma na yi.

Akwai wata yarinya a layin gaba, 'yar shekara tara, mai wushirya, wadda ba ta san wasa a maganata ba. In na ce hagu, to hagu ce har gida. Ranar Litinin ba ta zo ba. Lokacin bazara ne, zafi kamar a gasa gurasa, yara na yawan fashi, ban kawo komai a raina ba. Talata ma ba ta zo ba. Da aka tashi na gaida mai awarar bakin get, wadda kullum sai ta ja ni da zance, ta kau da kai tana juya awarar da ba ta bukatar juyi. Laraba na tarar da rabin bencina babu kowa. Na ce a fito da takardun lissafi, ba wanda ya motsa. Can wata ta ce a hankali, "Anti, mamana ta ƙona nawa."

Kafin tara hedimasta ya kira ni ofis, ya tura ƙofa. Ya ce tun Lahadi yarinyar ke kwance da zazzaɓi da ciwon kai, wuyanta ya ƙage, tana sambatu, tana kiran lambobi tana cewa Anti ta ce sirri ne. Uwarta ta ɗaga matashi ta samu ƙulli ɗaure da zare. Wata gwaggonta ta buɗe gefe ɗaya, ta ga gidaje da lambobi, ta yar tana salati, ta ce hatimi ne, irin wanda ake sa wa a laya. Yanzu zancen ya zagaye layin: malamar boko na raba wa yara asiri.

"Malama, ki bi ta ƙofar baya ki tafi gida," in ji shi. "Ki huta kwana biyu ƙura ta lafa."

"Wane asibiti aka kai ta?"

Ya dubi tebur. "Ba a kai ta ba. Sun ce ba ciwon asibiti ba ne."

Zazzaɓi, wuya a ƙage, a tsakiyar wannan zafi, ai ko ba likita ba ka san sanƙarau, ka kuma san ba ya jira. Kwana uku ke nan yarinya na kwance ana yi mata hayaƙi, saboda takardar da na ba ta da wasan da na yi.

Ban tafi gida ba. Na san in na shiga gidan ni kaɗai ba mai saurarona, don haka na nufi wurin malamin allo na layinsu, dattijon da ba a tsallake maganarsa. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ni ce wadda ake zance." Ya ce ya ba su rubutu sun ba ta ta sha, amma takardar bai gan ta ba, sun rufe ta a gwangwani don tsoro. Na yago falle daga littafina, na zana, na ninke a gabansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo takalminsa.

Ba zan manta tafiyar nan ba. Mata na leƙowa daga zaure su koma. Samari suka bar inuwa suka biyo mu a baya, ina jin ƙarar silifas ɗinsu. Na rantse da ba don dattijon na gabana ba, ban san yadda ranar za ta ƙare mini ba.

Uwar na ganina ta miƙe. "Me 'yata ta yi miki? Me ta tare miki, baiwar Allah?" Ta bayanta na hango yarinyar a kan tabarma, kanta ya lanƙwashe baya, idanunta a rufe.

Malam ya sa aka kawo gwangwanin. Ya yi bisimilla, ya warware takardar ninki bayan ninki, ya sa tabarau.

"Tun kafin a haife ku nake rubutu," ya ce. "Wannan ba hatimi ba ne. Lissafin boko ne, ga bakwai sau bakwai nan, arba'in da tara." Ya juya wurin uban. "Kai kuma tsaye kake? Nemo mota yanzun nan, a kai ta asibiti."

Ta rayu, alhamdu lillahi. Likita ya ce da an kawo ta tun ranar farko, da sun fi samun abin yi, don sanƙarau yakan taɓa kunne. Uwar ta aiko a ba ni haƙuri, yara suka dawo, mai awara ta ci gaba da surutunta. Kowa ya wanke ni, ni ce dai na kasa wanke kaina, har yau kuma ban iya ba.

Bayan sati shida ta dawo makaranta, ta rame, ta zauna a wurinta na layin gaba. Na yi murna ba kaɗan ba. Na buɗe rajista na fara kiran suna. Da na zo kan nata na kira, shiru. Na sake kira da ƙarfi. Na kira na uku har 'yan ajin kusa suka ji. Ita kuwa tana zaune ta harɗe hannu, tana yi mini murmushi, tana jiran in kira ta.