Haruffa Uku da Yaya Ya Jera

Yayana, Allah Ya jiƙansa, mushe ne, wato malamin boko, a koleji a nan Diffa, Ingilishi yake koyarwa. Ni kuwa allo na yi, ajami na iya, sana'ata noman tattasai a bakin Komadugu.

Yana da wani wasa da yake yi bayan la'asar, ana ce masa sikirabul. Allo ne mai gida-gida, da ƴar jaka cike da ƙananan katakai, kowanne da harafin boko a jikinsa. Mutum ya ɗebo, ya jera kalma, a ba shi maki. Sauran ma'aikatan gari da Faransanci suke yi, shi kuwa da Ingilishi. Abokin wasansa guda ne, wani Kirista mutumin Dogon Dutsi da ke aiki a gidan waya. In na dawo daga gona sai in tarar da su a gindin dogon yaro suna gardama.

"Mushe, wannan kalmar yanzu ka ƙera ta."

"Tashi ka duba littafi. Ka saba buga wa wasiƙa hatimi ba ka san abin da ke ciki ba."

Wata rana Yaya yana alwalar azahar ya faɗi. Lokotoro ya ce hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ma ya tafi. Na yi masa rubutu ya sha, na yi abin da na sani na addu'a. Idonsa yana bin mu, amma ko ruwa yake so sai dai mu yi ta gwada masa abubuwa.

Matarsa ce ta ajiye masa allon wasan a gaba, don kada ya yi ta kallon bango. Ran nan sai ga ta har gidana, mayafi a karkace.

"Malam, zo. Yayanka ya yi magana."

Na tarar ya jera katakai uku da hannun hagu. Ni ban iya boko ba, ita ma haka. A karatun da na tashi a ciki, ba a rubuta kalma a banza: ko addu'a ce, ko saƙo, ko wasiyya. Sai na ɗauki allon da hannu biyu, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, na taka a hankali har gidan waya don kada haruffan su goce.

Abokin nasa ya leƙa ya ce, "Zax."

"Me ke nan?"

"Kalma ce, Malam. Tana da maki sosai."

"Ma'anarta nake tambaya."

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban sani ba. Mu a wasan nan ba ma'ana muke haddacewa ba. In tana cikin littafi, shi ke nan."

Ya buɗe mini littafin nasu. Kalmomi ne jere kamar kunyoyin gona, babu bayanin ko ɗaya. Na san masu haddar da ba su kai ga tafsiri ba, amma su sun san maganar Wanda suke riƙe da ita. Wannan kuwa ban san inda zan ajiye shi ba.

Mutumin bai yi mana rowar ƙafa ba. Yakan zo ya zauna a bakin tabarma su yi wasa. Wani lokaci Yaya ya jera kalma daidai, wani lokaci abokin ya dube ni ya girgiza kai. Amma haruffa ukun nan kullum sai sun dawo. Nakan durƙusa in ce, "Yaya, ciwo ne? Wani kake so a kira?" Sai ya ƙara tura katakan da yatsa.

Abokin ya ce sabon hannu ne kawai, domin haruffan nan sun fi tsada a wasa, kuma Mushe ya daɗe yana kayar da shi da su. Matar Yaya ta ce, "Mutumin da ya kasa kiran sunana ba zai ɓata ƙarfinsa a kan maki ba." Ni na rasa wanda zan bi. Ana cikin haka aka mayar da abokin garin Tawa da aiki, ya zo ya yi mana sallama yana share ido.

Lokacin da tattasai ya bushe, masu saye suka ƙetaro daga Najeriya. Akwai wani a cikinsu da ya yi boko mai zurfi. Na zana masa haruffan a ƙasa yadda idona ya riƙe su. Da ya sake dawowa sai ya ce ya duba babban ƙamus a Maiduguri: wani irin gatari ne da Turawa ke sassaƙa falalen dutse da shi, su rufa ɗaki.

Na kai wa matar Yaya yadda aka faɗa mini. Ta ɗaga kai ta dubi azara. Akwai wata kusurwa da ke yoyo tun damina biyu da suka wuce.

"Rufin ne," in ji ta. "Ya sha cewa zai gyara."

Zuciyata ba ta kwanta da haka ba, amma ba ni da wata fassarar da zan ba ta. Na kira magini. Muka fitar da Yaya gindin dogon yaro, aka yaye rufin ƙasa, aka buga kwano. Da aka gama muka tallabo shi muka kwantar a shimfiɗarsa.

Ya daɗe yana kallon sama. Can ya miƙa hannun hagu, matarsa ta matso masa da allon ta zazzage jakar. Ya yi ta tona katakan a hankali, ya ware ɗaya, ya ware wani, ya ware na uku. Su ne dai.

Ta juyo gare ni. "Malam, me ya ce?"

Na ce, "Allah ne Ya sani."

Ta kwashe katakan ta mayar cikin jaka, ta girgiza, ta sake zazzage masa.