Rawar Muryar Kaka Dudu

Ba ma cin tuwon dare da natsuwa idan Kaka Dudu ta zo daga Kwadon. Muna suɗe kwano sai mu kewaye murhu tun garwashi bai mutu ba. Ni take fara tsokana: "Maigidan, matso kusa mana, ko tsoron matarka kake ji?" Sannan ta gyara zama ta ce, "To ga ta nan tafe, wanda ya yi barci shi ya so."

Tatsuniyar da ta fi so ta wata tsohuwa ce mai shanu. Da yamma takan kira su da waƙa, muryarta na rawa don tsufa. Wani ɓarawo mai zaƙin murya ya laɓe kwana bakwai har ya haddace waƙar tsaf. Ranar da ya rera ta, sumul, ko saniya ɗaya ba ta ɗaga kai daga ciyawa ba. Kaka da kanta take rera kiran tsohuwar, ni kuwa kullum ina tsoron kada wannan karon shanun su bi ɓarawo.

Yanzu haɗa kiɗa ne sana'ata, a wani ɗan shago a unguwar Arawa. Fiyanona irin wadda ake ɗura wa sauti ce: ka ba ta carar zakara, ta shimfiɗa ta a kan maɓallai, ka buga ta sama ko ƙasa. Bara aka tsinci kaset a akwatin marigayi kawuna, da muryar Kaka tana wannan kiran, bai fi numfashi uku ba. Inna, mahaifiyata, ta ce tana so ta ji uwarta. Kunnenta ya fara nauyi, kuma cikin waɗanda suka san muryar da girmansu ita kaɗai ta rage.

Nan na tafka wautar masu sana'a. Tsohon kaset yakan sa sauti lilo, mu kuma hannunmu ya saba da gyara. Na kwafo muryar daga kaset ɗin zuwa fiyanona, na miƙar da ita sak, na ajiye gyararriyar, na goge ta asali. Kaset ɗin kuwa rediyo ta tauna shi a juyi na biyu.

Da na kunna wa Inna a gidanta na Manawashi, ta kasa kunne, ta ce, "Wace ce wannan?"

"Kaka ce, Inna."

"Kai wannan," ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, "uwata ba ta taɓa waƙa kamar mai karanta labarai ba."

Abin da na ɗauka lalacewar kaset ne, ashe Kaka ce. Tun ina yaro aka gaya mini inda rai yake a murya, na girma na zama ɓarawon da kaina.

A gefen hagu na fiyanon akwai wata 'yar taya. Idan ka tura ta, sauti yakan riƙa hawa da sauka kaɗan-kaɗan. Ka ƙara turawa rawar ta yi zurfi, wani maɓalli kuma ya sa mata sauri. Da ita na shiga mayar wa Kaka abin da na cire. Kowace Juma'a nakan ɗauki fiyanon zuwa Manawashi, Inna na yi mini gyara. "Ta yi yawa, kamar mai zazzaɓi." Wani makon: "Ba daga farko take rawa ba, sai numfashi ya kusa ƙare mata." Kowane mako kuma sai na ƙara ƙarar lasifika fiye da na baya, abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Juma'ar da ta wuce na jira har ƙarshen kiran kafin na tura tayar, a hankali. Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Ita ce. Bar ta haka, Allah ya yi maka albarka."

Har na fara murmushi, sai na ji abin sauraron da na gwada sauti da shi ɗazu yana nan maƙale a kunnena. Idan yana jone da fiyanon, lasifika ba ta magana. Inna ba ta ji komai ba. Fuskata take kallo, ta ga na gaji.