Layukan da Kawu Ya Ja

Mai Ciyawa ake ce masa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kula da lambun wata makaranta, yana ban ruwa, yana korar awaki. Mutum ne mai taurin kai, wanda zai tsaya ya yi wa tunkiya faɗa kamar tana jin magana.

Wata rana ɗan yayarsa ya zo har gida da mota. Yaron ya yi kuɗi a harkar gine-gine, ya kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, yanzu Ciyaman ake kiransa. Hukuma ta ba shi tsohon filin unguwa don ƙungiyar ta riƙa wasa a kai.

"Kawu, filin nan sai kai," in ji shi. "Bare ba zai riƙe mini amana ba."

Matar Mai Ciyawa ta ce kada ya saki reshe ya kama ganye. Ya tambaye ta me ta sani game da ƙwallo. Shi ma ɗin bai san komai ba, amma ya ajiye aikinsa.

Filin kuwa tsakuwa ce da fasassun kwalabe. Ya tsince, ya zuba taki, ya dasa ciyawa da hannunsa har bayansa ya ƙi miƙewa. Kafin shekara ta zagayo fili ya yi kore shar. Ranar wasa yakan ja igiya, ya bi ta da farar ƙasa, layi ya fita santal. In ɗan wasa ya faɗi, jama'a su yi ta ihu, shi kuwa inda takalmi ya tuge ciyawa yake kallo.

Kakar wasa biyu suka buga. A ƙarshen ta biyu Ciyaman ya kawo masa wata takarda mai zane.

"Rumfunan 'yan kallo za mu gina, Kawu. Ka fitar mini da wannan a ƙasa."

"To ai na ga zanen ya shiga har gaban raga."

"Juya filin za a yi. Kai dai ja layi."

Kwana uku ya yi yana auna murabba'i sittin, kowanne daidai da ɗan'uwansa, yana murna ƙungiya ta ci gaba. Har ya yi wa matarsa gori.

A rediyon mai shayi ya ji an sayar da gurbin ƙungiyar ga wani gari, an sallami 'yan wasa. Ran Litinin tifa ta juye yashi a tsakiyar fili. Leburori suka kafa diga suna bin layukansa ɗaya bayan ɗaya, harsashin shaguna suke tonawa. Magoya bayan da a da ke ɗaga masa hannu suka taru a ƙofa suna nuna shi, wai da shi aka haɗa baki. Abin ya ci masa rai, don layukan nasa ne.

Ya tafi ofis ko takalmi bai karkaɗe ba. Ciyaman ya miƙe, ya jawo masa kujera, ya sa a kawo ruwan sanyi.

"Tun yaushe ka san shaguna za ka gina?"

"Tun kafin in zo gidanka."

"Ɗan yayata! Ka rasa wanda zai yanka filin nan sai ni?"

"Kawu, da baƙo aka gani da igiya, da unguwa ta tashi kafin a sa diga. Kai kuwa kowa ya yarda da kai."

Mai Ciyawa ya ajiye makullan fili a kan tebur, ya fita bai taɓa ruwan ba.