Rigar Mushe

Ranar kasuwar Bodinga da ta wuce na bi ta layin masu fata ina taƙama da sabon takalmina, sai iska ta kwaso warin ɗanyar fata ta watsa min a hanci. Kai mai karatu, in ba ka taɓa sa wa ɗan rago rigar mushe da hannunka ba, ka gode wa Allah, ka ƙara da sadaka. Ni na yi ina 'yar shekara goma, kuma har yau in na tuna sai in ji tuwon jiya yana neman hanyar fita.

Kakata ce ta ja min. A ƙauyenmu da ke gefen Kajiji kowa ya san ta da tumakinta Uda: gaba baƙi wuluk, baya fari fat, kamar an riƙe su ta ƙafafun baya an tsoma a marina. Ta gaje su daga mahaifiyarta, wadda ta taho da su daga Horo Birni, kuma tun lokacin ba a taɓa barin baƙon rago ya yi musu barbara ba. Ragon maƙwabta in ya leƙo ta danga, taɓarya ce gaisuwarsa. Ni jikarta in na yi zazzaɓi sai ta ce in sha jiƙo in kwanta, amma tunkiya ta yi atishawa ɗaya, ranar ba mai zama a gidan.

Daminar wata shekara gudawa ta shiga garken. Ba zan ba ka labarin abin da muka share ba, don ƙila kana cin abinci. Kafin gero ya fitar da kai, babban ragon ya mutu, aka bar mu da 'yan tumaki uku da wata tsohuwar tunkiya mai cikinsa. Baffana ya ga dama ta samu.

"Inna, ki bari in kawo rago irin Balami. Duk gari su aka kiwo yanzu."

"In tsohuwag ga ta haihi namiji, ka riƙe Balaminka," in ji Kaka. "In Allah bai yi ba, ba ni hana ka."

Namijin ta haifa, wata safiya bayan ruwa ya ɗauke. Ta lashe shi sau biyu, kafin azahar ta bi mijinta. Ga ɗan rago jiƙaƙƙe yana karkarwa, ba uwa, ba nono, kuma shi kaɗai ne namijin Uda da ya rage wa Kaka.

Akwai wata tunkiyar mahaifiyata, 'yar ƙasa mai baƙin hali, wadda ɗanta ya mutu kwana ɗaya kafin nan, hantsarta cike da nono. Muka kai mata maraya, ta shinshina shi, ta kai masa karo. Sai Kaka ta ce a ɗauko mata mushen ɗan. Na zaci binne shi za ta yi. Ina! Wuƙa ta zaro, ta feɗe shi da lalube, don lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, ta zare fatar kamar mai tuɓe wa yaro riga. Sa zare a allura kuwa sai mai ido, kuma mai idon da ke tsaye kusa, tana toshe hanci, ni ce. Na zura ƙafafun ɗan ragon a kafofin fatar, tana santsi, tana manne min a yatsu, na ɗinke ta ƙarƙashin cikinsa ina kakarin amai.

Abin haushi, dabarar ta ci. Tunkiyar ta shinshina wutsiyar ɗanta a jikin baƙo, ta tsaya, ya kama nono. Kaka ta ce kwana uku rigar za ta yi, kada wanda ya taɓa, kuma ni ce mai korar ƙudaje.

Rana ta farko na daure. Rana ta biyu, da rana ta buɗe bayan ruwa, rigar ta nuna. Wallahi ungulaye suka fara taro a kan rumbunmu. Karen maƙwabta, wanda ba abin da ba ya ci, ya zo ƙofar garke ya juya da gudu. A Islamiyya ƙawayena suka bar min tabarma guda ni kaɗai, suka raɗa min suna uwar mushe. Na dawo gida ina huci, na tarar Baffa ya kai Kaka barka Dingyaɗi a babur.

Na ce ai tunkiyar ta riga ta saba da shi. Na tsinke zaren, na jefa fatar kan juji, na wanke ɗan ragon da sabulu har sau uku. Don in kore warin gaba ɗaya na saci humrar mahaifiyata na zazzaga masa. Ya fito fes, baƙinsa na sheƙi, yana ƙamshi kamar ɗan biki. Na kai shi wurin tunkiyar ina jiran godiya. Karon da ta yi masa sai da ya bugi danga. Na sake kai shi, ta sake. Wunin ranar yana kuka, har kukan ya sirance, ya kwanta ya miƙe wuya.

Da la'asar Kaka ta dawo. Tun daga bakin zaure ta ɗaga hanci.

"Wa yas sa ma garkena turare?"

Ba ta doke ni ba, da ma dukan ta yi. Ta durƙusa ta shafa cikin ɗan ragon, ta ji shi a shafe.

"Ke 'yar gayu, tumkiya da hanci ta san ɗanta, ba da ido ba. Kin maishe shi baƙo."

Baffa ya leƙo yana murmushi. "Inna, in tahi kasuwar Shagari in taho da Balami?"

Kaka ta sunkuyar da kai tana shafa ɗan ragon. Tunda nake ban taɓa ganin an yi mata magana a kan tumakinta ta sunkuyar da kai ba. Ganin haka ne ya kai ni juji neman fatar.

Kaji sun ja fatar cikin dagwalo, tsutsotsi sun yi gari a cikinta, har da masu unguwa. Na yi amai sau biyu, na kakkaɓe ta, na goge cikinta da toka, na sake ɗinka masa. Ba a gama ba. Humra ta riga ta kama gashinsa, don haka Kaka ta miƙo min ƙoƙo ta ce in tsugunna bayan tunkiyar har ta yi fitsari, in tara in shafe shi da shi. Ni ma da nake ƙamshi, sai da na cusa hannuwana cikin kashin tumaki har gwiwar hannu. Haka na tsugunna, ni 'yar gayun Islamiyya, ina roƙon Allah ya sa tunkiya ta ji fitsari.

Dab da magariba muka sake kai shi. Ta shinshina, ta buga ƙafa, ta sake shinshinawa, ta daɗe. Shi kuma ya rarrafa ƙarƙashinta.

"Wutsiya na rawa?" in ji Kaka, don ba ta gani.

"Tana rawa, Kaka."

"To tahi ki wanke. Nesa da garke."

Shekara shida ke nan. Ragon ya girma, ya cika garken da 'ya'ya, gaba baƙi baya fari, kuma sakayyar da ya yi min ita ce karo a ƙugu duk lokacin da na juya baya. Maƙwabta sun gauraya nasu, tumakinsu sun koma dabbare-dabbare, sai ga Baffa yanzu shi ke nuna wa baƙi garken yana cewa irin gidanmu ne. Ni dai har gobe ina ƙyamar warin tumaki.

Idon Kaka ya rufe gaba ɗaya. Duk hutun da na dawo daga makarantar kwana, da turarena mai kyau, in na durƙusa na gaishe ta sai ta ɗaga hanci ta ce, "Baƙuwa munka yi?" In ce ni ce. Sai ta ce, "Ban san ki ba. Tahi garke ki komo." Haka nan nake ajiye jaka in tafi in share, ina tsaki, ina toshe hanci. In na dawo ta kamo hannuna ta shinshina, sannan ta matsa min wuri a tabarma.