Kyaftin Dakata da Minti Arba'in

Duk wanda ya taɓa shiga mota ɗaya da Kawu Mudi a tashar Gwarzo ya san da abin da zan fara. Kawu ba ya hawa abu sai ya zagaya shi. Mota ce, babur ne, jirgin sama ne, duk ɗaya. Zai goya hannu a baya, ya fara daga tayar hagu ta gaba, ya bi a hankali yana leƙe yana ƙwanƙwasawa har ya dawo inda ya faro. In ka yi masa magana a tsakiya, wallahi sai ya koma farko. Shi ya sa aka laƙaba masa Kyaftin Dakata, don kalmar ba ta barin bakinsa: "Dakata tukuna."

Wata ranar kasuwa bas ɗin Sani Direba ta cika maƙil, rana na dukan rufi, fasinja na ta tsaki, Kawu kuwa yana tsugune yana leƙen ƙarƙashi. Sani ya zuro kai ta taga ya ce, "Haba Kyaftin! Wannan fa mota ce, ba tashi sama za ta yi ba."

Kawu ko ɗagowa bai yi ba. "Abin da nake dubawa ke nan," in ji shi. "Kada ta tashi."

Ni Nasiru ne, ɗan yayarsa daga Kabo, kuma shi ya jawo ni cikin tuƙin jirgi. Na yi shekaru a kujerar dama ina mataimakinsa a wani ƙaramin kamfani mai jirage uku masu farfela. Kano zuwa Sakkwato, Kano zuwa Maiduguri, mu dawo. Mutanen gari na ganin hular nan da igiyoyin muƙami a kafaɗa, sai su ɗauka a kan kuɗi muke kwana. Ina! Tun zamanin tsuke bakin aljihu albashin ƙananan kamfanoni ya tsaya cik, kaya kuwa suka yi ta tashi. Kawu da kwanon dambu ya ratsa wannan zamanin. Zai zo da farar riga a goge tsaf, dambun zogale na cikin jakar taswira. Wata rana wani Alhaji da ke kujerar gaba ya leƙo a tsorace ya ce, "Kyaftin, ƙanshin mai nake ji, lafiya injin?" Kawu ya haɗiye lomarsa ya ce, "Injin lafiya lau, Alhaji. Kyaftin ne ke shan mai."

Manyan kamfanoni sun neme shi ba sau ɗaya ba, ya ƙi. A aikinmu, in ka sauya kamfani daga ƙasa kake farawa. Ko kyaftin ne kai, sai ka koma kujerar dama, kuma in an zo rabon ranakun aiki, waɗanda suka daɗe su ke zaɓa, sabo ya kwashi abin da aka rage. A ƙaramin kamfaninmu Kawu ya fi kowa daɗewa, shi ke fara zaɓe, kuma abu ɗaya yake so a duniya: makon shuka. Ya yarda ya yi aiki ranar Sallah, ya yarda ya karɓi tafiyar da kowa ke gudu, amma da ruwan shuka ya sauka a garinsu Kutama, to kada wanda ya neme shi. Na taɓa ce masa, "Kawu, albashin can fa ya ninka naka." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Su za su shuka mini gero?"

To, ga labarin da har yau ba ya fita daga raina.

Shekarar da maganar Shari'a ta cika gari, wani babban kamfani ya buɗe ɗaukar matuƙa. Irin wannan ƙofa in ta rufe, sai a shekara da shekaru ba ta sake buɗuwa ba. Sharaɗinsu shi ne awowin da ka yi kana tuƙi su kai abin da suka yanka, a rubuce a littafinka, da sa hannun kyaftin. Za a rufe karɓa ranar Alhamis da tsakar rana. Ranar Lahadi na zauna na haɗa nawa sau uku. Saura minti arba'in su cika. Ba ni da wata tafiya kuma sai mako mai zuwa. Matata Zainab tana da tsohon ciki, muna ɗaki ɗaya na haya a Kano. Minti arba'in, jama'a!

Ruwa ya sauka ranar Asabar, don haka na san inda zan same shi. Litinin da safe na isa Kutama da littafin a hammata. Yana tsakiyar gona da sungumi, wando a naɗe. Muka gaisa, ya tambayi Inna mahaifiyata, ya tambayi Zainab, ya tambayi ruwan Kabo. Sannan na sauke murya.

"Kawu, tafiyarmu ta Maiduguri ta watan jiya, ita kawai za a ɗan gyara. Ai mun daɗe a ƙasa muna jira."

"Injin na kunne?"

"A'a."

"Jirgin ya motsa?"

"A'a, amma kowa ai..."

"To zama muka yi. Zama ba tuƙi ba ne."

Na ce masa babu wanda zai sani. Ya jingina da sungumin ya ƙare mini kallo, daga hula har takalmi. "Nasiru, ba kai na gani ka tara gemu ba, kana gaba-gaba a wurin taro kuna ta kabbara? Sa hannu shaida ce. Shaidar zur ka zo nema a gonata, ranar shuka?"

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da har gobe nake nadama. Na ce, "Don kai ka ƙare a ƙaramin kamfani, so kake ni ma in ƙare a nan." Ya juya ya ci gaba da sara, ni kuwa na tafi ko sallama ban yi ba.

Talata Inna ta yafa mayafi ta tafi da kanta. Ita ce babba, ita ta goya shi, kuma duk danginmu babu mai iya ja da ita. Daga bakin gona ta fara. "Mudi! Minti arba'in? Ko wake ba ya nuna a minti arba'in! Yaron nan matarsa haihuwa yau ko gobe!"

Ya tsuguna ya gaishe ta, ya ce, "Yaya, in kin ce in ba shi gonar nan, na ba shi yanzu. Hannu ne ba zan sa ba."

Inna ta dawo tana huci. Ni ma na koma Kano na ce wa Zainab magana ta mutu.

Laraba da safe aka aiko daga ofis. Wai akwai jirgin da za a kai Kaduna gyara, babu fasinja, kuma kyaftin ɗin ni ya ce a sa masa. Na isa a guje. Wa zan gani? Kawu, hannu a goye, jar ƙasar Kutama ba ta ma gama fita daga takalminsa ba, yana zagaya jirgi. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ka makara."

Kano zuwa Kaduna a irin jirginmu kusan minti arba'in ne, wani lokaci ya ɗara, wani lokaci ya gaza. Ana fara lissafi daga sanda jirgi ya motsa har ya tsaya cak. Kuma tunda gyara za a kai shi, an ce da rana kawai zai tashi. In biyar ta wuce muna ƙasa, shi ke nan.

Zagayen farko Kawu ya ga ɗigon mai ƙarƙashin injin hagu. Ɗigo ɗaya! "Dakata tukuna." Aka kira injiniya, aka buɗe, aka ɗaure, awa biyu ta tafi. Ana rufewa sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Muka yi azahar. Muka yi la'asar. Ina ta safa da marwa, rigata ta jiƙe da gumi, shi kuwa ya buɗe kwanon dambu. Na ce, "Kawu, mu tashi mu kewaye shi mana." Ya ce, "A sama babu gefen titi da za ka faka." Na kalli agogo har idona ya yi zafi. Huɗu da rabi ta gota ruwan ya ɗauke. Na ruga zan hau, sai na ji, "Dakata tukuna. Ruwa ya dake shi." Ya goya hannu ya sake zagayen daga tayar farko. Wallahi saura kaɗan in fashe da kuka a gaban ma'aikata.

Biyar saura 'yan mintoci muka motsa. Muna hawa sama sai ga wata masifar: iskar da hadarin ya bari tana bayanmu, tana tura mu kamar an biya ta. Ban taɓa roƙon Allah jirgi ya rage gudu ba sai ran nan. Tayarmu ta taɓa ƙasar Kaduna a minti talatin da uku. Saura bakwai, gobe Alhamis, ga kuma wurin fakin can ina hango shi.

Na manta da wa nake tare. Tafiyar Kawu a ƙasa sananniya ce a duk filayen jirgin Arewa. Mai tafiya da ƙafa yakan wuce shi. Shekara da shekaru ina jin haushin wannan jan jikin, ina cizon yatsa a kujerar dama. Ya juya jirgin a hankali, ya tsaya a mahaɗa ya duba hagu, ya duba dama, alhali babu ko tsuntsu. Talatin da shida. Talatin da takwas. Mutumin hasumiya ya yi magana ta rediyo yana dariya: "Kyaftin Dakata, ko a turo jaki ya ja ku?" Kawu ya ce, "Na gode, muna tafe."

Ya taka birki, jirgi ya tsaya. Ya dubi agogon jirgi, ya dubi na hannunsa, ya miƙo hannu na ba shi littafin. Ya rubuta arba'in da ɗaya, ya sa hannu. "Ɗayan ka riƙe," in ji shi. "Kyauta ce."

Na sha tambayarsa daga baya ko da gangan ya ja tafiyar. Amsarsa ɗaya ce: "Ka taɓa ganin na yi sauri?"

Da asuba na bi motar farko daga Kaduna, na miƙa takarduna kafin tsakar rana, aka ɗauke ni. Kamar yadda ya faɗa, daga ƙasa na fara. Sallah nawa na yi a ɗakin otal a ƙasar mutane, ranar sunan ɗana na biyu ma ina sama. Amma mun bar ɗakin hayar nan, kuma ban taɓa jin tsoron a buɗe littafina a gaban kowa ba.

Akwai abin da ban sani ba sai bayan ya rasu, ranar zaman makokinsa. Matarsa Hajiya Ladi ce ta gaya mini. Ashe tafiyar Kadunan ta wani kyaftin ce. Kafin ya sakar wa Kawu ita, sai da Kawu ya ba shi sauran makon shukarsa, ya kuma karɓi duk tafiye-tafiyensa na makon. Kafin ya koma Kutama laima ta bushe, ruwa na biyu ya yi jinkiri, rabin gonar ba a shuka shi kan kari ba. A shekarar sai da suka sayi hatsi a kasuwa, abin da bai taɓa yi ba. Ya kuma hana ta faɗa. Mutumin da ya ƙi babban kamfani saboda mako ɗaya, ya bayar da makon saboda yaron da ya gaya masa baƙar magana a gonarsa. Ni kuwa ban taɓa tsugunawa na ce ya yafe mini ba. Kullum ina cewa sai na zo hutu. Wannan abin yana ci mini rai har yanzu.

Ranar jana'iza Sani Direba ne ya kwashi mutane daga Gwarzo zuwa Kutama. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat. Mota ta cika, kowa ya yi jugum, sai muka ga bai shiga ba. Ya goya hannu a baya, ya fara daga tayar hagu ta gaba. Wani ya ce, "Sani, za a makara fa." Ya ce, "Dakata tukuna." Dariya ta ƙwace wa mutane, hawaye na zuba, aka jira shi har ya gama zagayen.

Allah ya jiƙan Kawu Mudi, ya yafe masa, ya sa ya sauka lafiya. Allah ya sa littafinsa ya fito tsaf kamar yadda ya bar mini nawa. Kawu, ka yafe mini.