Ranar da Na Yi wa Matar Yayana Tafinta

Ina koyarwa a wata firamare a Gwiwa lokacin da gwamnatin jiha ta fara turo ma'aikata ƙauyuka, suna yi wa mata bayanin dokar da ta hana dukan mata da yi musu fyaɗe. Da ma an san ina jin Fulatanci, domin Innarmu daga wata ruga take a wajen Babura. Sai hedimasta ya ce ni zan yi tafinta saboda matan rugage. Na ji daɗi ƙwarai, har sabon mayafi na yafa.

Ranar kasuwa aka yi taron, a babban ajinmu, bayan an tashi yara. Mata suka cika bencina, wasu a kan tabarma, an jera ƙoren nono a gindin bango. Shugabar baƙin wata Hajiya ce daga ma'aikatar mata, doguwa, mai magana a hankali. Ta ce duka ba tarbiyya ba ne, laifi ne a wurin hukuma. Ta ce akwai inda ake duba mace kyauta a asibiti, a kuma rufa mata asiri. Ni kuwa ina juyawa da Fulatanci, har da ƙarin gishiri.

Daga nan aka ce mai magana ta yi. Can sai wata ta miƙe daga baya, da goyo, hannunta ɗaya a ɗaure. Matar Yayana ce. Ban ma ga shigowarta ba. 'Yar ƙanin Inna ce, auren zumunci aka yi musu, kuma har lokacin Hausarta ba ta nuna ba. Yaya kuwa hatsi yake sayarwa, a wannan kasuwar da muke jiyo hayaniyarta.

Ba ta dubi Hajiya ba, ni ta duba. Ta ce da Fulatanci, "Malama, ki faɗa mata yadda zan faɗa. Wannan hannun ba a bakin rijiya na faɗi ba. Da taɓarya ya karya shi."

A gida an ce faɗuwa ta yi, ni da kaina na kai mata man zafi. Hajiya ta ce, "Malama, me ta ce?"

Rabin matan ajin sun ji abin da ta ce, kuma duk sun san ko ƙanwar wa ce ni. Na sunkuyar da kai na faɗa da Hausa. Ta ci gaba, ni ma na ci gaba. Ta faɗi yadda yake kulle ta a ɗaki in zai tafi kasuwar Roni, da cikin da ya zube bara bayan ya shure ta. Tafinta kan yi magana ne kamar shi ne mai maganar, don haka da bakina nake cewa "mijina ya shure ni", alhali cikinmu ɗaya da mijin. Wata maƙwabciyarmu ta ja mayafi ta rufe baki. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Hajiya ta tambaye ni a hankali, "Kin san mijin?"

Na ce, "Yayana ne, ranki ya daɗe."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Sannu. Allah ya saka miki." Wannan sannun ya fi komai ƙona ni.

A motarsu suka tafi da ita asibitin Kazaure. Labari kuwa ya riga ni isa gida. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake, ko amsa sallamata ba ta yi ba. Da na durƙusa sai ta ce, "Ke da aka sa a boko, ba ki iya sassauta magana ba?"

Na ce, "Inna, 'yar ƙaninki ce fa."

Sai ta fashe da kuka. A nan na gane ta daɗe da sani.

An kira Yaya gaban hukuma, dagaci da kawunmu, mahaifinta, suna zaune. Ya ɗan kwana a tsare, aka ɗora masa kuɗin magani, aka kuma gargaɗe shi cewa in ya sake, kotu ce za ta raba. Ita ta ce ba za ta koma ba. Kawu ya tafi da ita ruga, daga baya alƙali ya raba auren. Hannun ya warke, sai dai ya ɗan karkace.

Na daɗe ban shiga kasuwa ba. Ko makaranta ta bayan gari nake zagayawa, don kada na bi ta rumfar masu hatsi. Yaya ya yi kusan shekara ba ya amsa gaisuwata. Yanzu yana amsawa, amma ba ma haɗa ido.

Da baƙin suka sake zuwa bayan damina, hedimasta ya ce ko a nemo wata. Na ce a bar ni. Na tsaya a gaban allo, mata biyu suka miƙe suka yi magana, na juya abin da suka faɗa ban rage komai ba.