Sandal Mai Tudun Hagu

Takalma na fara gani ranar da muka iso Gombe daga Garwa. Keke ya sauke mu a wani layi a Pantami ana sallar la'asar, ga su jere a bakin masallaci: silifas, sau-ciki, da wasu baƙaƙen sandal waɗanda na hagun ya fi na daman tudu, an ƙara masa roba mai kauri a ƙasa. Ni dama ba na iya kallon fuskar babba. Kaina kullum a sunkuye yake, don haka ta ƙafa nake sanin mutane. Dada, mahaifiyata, takan ce ranar da na ɓata a kasuwa, a rumfar masu gyaran takalmi za a neme ni.

Baba malamin Faransanci ne. Wata makarantar kuɗi ce ta ɗauko shi daga Kamaru, ita ta tsaya masa aka ba shi bizar aiki, kuma a kan takardar nan zamanmu duka ya rataya. Muna cikin shekara ta biyu mai makarantar ya ce iyaye sun fi son kwamfuta, ya soke darasin nan take, daga ƙarshen zango kuma ya sallami Baba. In ba a samu wata hukuma ta rubuta cewa shi ma'aikacinta ne ba, takarda ta mutu, sai mu tattara mu koma. Ni kuwa a lokacin ne na yi ƙawa ta farko a aji.

Wani malami abokin aikinsa ya ce makarantun gwamnatin jiha na ƙarancin masu koyar da Faransanci, kuma akan ɗauki baƙo a kwantiragi. Ya kawo masa fom har gida. A tsakiyar fom ɗin akwai gurbin ƙaramar hukumar asali.

"Rubuta Akko kawai, Malam," in ji abokin. "Wa zai musa? Hancin nan naka ai na Kumo ne, babban garin Akko."

Baba ya yi dariya. "Hancin na Kumo ne, fasfon na Garwa."

Ya bar gurbin babu komai. A ofis akawu ya ce fom mai giɓi ba ya wucewa ta teburinsa, sai dai a miƙa shi hannu da hannu ga jami'in da ke kula da 'yan kwantiragi. Kullum da safe Baba zai goge riga, ya ɗaura laktaye, ya ɗauki shuɗin fayil ɗinsa. Kullum sai a ce yallaɓai yana mitin, ko ya fita zagayen makarantu. Mako biyar bai ga ko ƙeyarsa ba. Ni dai ina ganin dunduniyar takalmin Baba tana cinyewa ta gefe ɗaya. A layinmu kuwa ba wanda ya sani. Zai wuce majalisa ya yi sallama da fara'a, kamar daga aji ya fito.

A hutun rabin zango ya tafi da ni, don za a ɗauke ni hoton fasfo a hanya. Muka zauna a benci har azahar. Masinja, wani dattijo mai takalmin roba, ya ce yallaɓai ya shigo, ya fita alwala, daga masallaci kuma za a wuce da shi mitin. Na kai idona bakin ƙofar ofishin, inda mai alwala kan bar takalminsa ya zura silifas. Baƙaƙen sandal ne, na hagun da tudu.

Sai da muka hau keke na iya buɗe baki.

"Baba, na san takalminsa. Baffa ne na gida na uku."

Baffa dattijon layinmu ne, mai ɗan ɗingishi, wanda kullum in Baba ya wuce sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bonjur, Malam Faransa." Mun san a sakatariya yake aiki, amma rabin layin ma can suke.

Muka iso gida. Da Dada ta ji, ta ajiye ludayi.

"To, Allah ya kawo sauƙi har ƙofa. Tashi ka je ka gaishe shi."

"Ba a bin mutum gida da aikin ofis. Maƙwabtaka daban, fayil daban."

"Kunyar nan taka ita za ta biya mana mota zuwa Garwa."

"Gobe zan koma benci," ya ce, ya jawo burushi ya hau goge takalmi.

Saura mako shida zango ya ƙare. Na san daga inda na gado sunkuyar da kai, kuma na ga inda za ta kai mu.

Washegari da la'asar na ce wa Dada zan sayo ashana. Na tsaya gefen masallaci, na juya sandal ɗin suka fuskanci hanya, yadda ake yi wa baƙo. Mutane suka fito, ƙafafu suna ta neman abokan tafiyarsu. Can ƙafar da nake jira ta iso.

"A'a, 'yar Faransa, yau ke ce mai gadin takalma? Nawa ake biya?"

Na durƙusa na gaishe shi. Bai tafi ba, ya dafa bango yana ɗaura maɗaurin na hagun a hankali, kamar da gangan yake ba ni lokaci. Ranar na fara ɗaga kai na ga fuskarsa. Ashe yana da wushirya, girarsa duk furfura.

"Baffa," na ce, "mai shuɗin fayil da ke zama a bencin ofishinku, babana ne. Bai san na zo ba, kuma don Allah kada ku gaya masa. Gobe in kun fito alwala, ku ɗan duba bencin, ku ce ya shigo."